Wanda Ya Ƙi Abinci, Ya Ƙi Mai Abinci Ne?

A al'adar Bahaushe abinci magana ne. Sa'ad da baƙo ya shigo gida aka ajiye masa kwano, an gaya masa ana murna da zuwansa ke nan, ko da ba wanda ya buɗe baki. Idan ya sa hannu, ya amsa gaisuwa. Idan kuwa ya janye hannu, masu gida za su shiga tambayar kansu: ƙyama yake yi, ko raini, ko kuwa yana zargin an sa masa wani abu a ciki? Shi ya sa tun yaro yana ƙarami ake koya masa cewa ko ya ƙoshi ya ɗan taɓa, domin kada ya kunyata wadda ta sha hayaƙin murhu saboda shi. Al'ada ce mai kyau, ta kuwa riƙe zumunci shekara da shekaru. Amma akwai mutanen da loma ɗaya ta ladabi takan kwantar da su kwana da kwanaki. Game da su ne tambaya ta taso: idan lafiyar mutum da ladabin kwano suka yi karo, wa ya kamata ya sassauta, mai ciwo ko masu gida?

Tambayar ta fi nauyi a inda mutane suke zaman baƙunta, kamar unguwar Akébé a Libreville, babban birnin ƙasar Gabon. Hausawa sun daɗe a Gabon. Fatake ne suka fara shigowa ta Kamaru a zamanin mulkin Turawa, suka zauna a garuruwan arewa irin su Bitam da Oyem. Daga baya 'ya'yansu suka gangaro Libreville, wasu kuma suka zo daga Nijar da Nijeriya bayan da arzikin man fetur ya buɗe a shekarun 1970. Ƙasar kurmi ce mai yawan ruwan sama, gero da dawa ba sa yi a cikinta. Abincin 'yan ƙasa shi ne rogon da aka jiƙa aka naɗe a ganye aka dafa, da ayabar dafawa, da ganyen rogo, da kifi mai banda, da miyar kwakwar manja da suke kira nyembwe. A kan waɗannan kuma Faransa ta bar musu dogon burodi, wanda ya zama karin kumallon mai kuɗi da talaka. Ba a Gabon ake noman alkamar burodin ba, jirgin ruwa ne ke sauke ta a tashar Owendo. Saboda haka matar aure da take so ta dama fura ko ta tuƙa tuwon dawa sai ta nemi hatsin da ya yi doguwar tafiya a kasuwa irin ta Mont-Bouët, alhali kuwa burodi da taliya suna bakin ƙofarta. A irin wannan wuri, inda mutum yake nesa da danginsa na asali, kwanon maƙwabta da na biki da na suna su ne danginsa. Wanda ya rabu da su ya yi babbar hasara.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san irin ciwon da ake magana a kai. An halicci jikin mutum da garkuwa, wato ƙwayoyin jini da sinadarai waɗanda aikinsu shi ne su gane cuta idan ta shigo su yaƙe ta. A jikin waɗansu mutane wannan garkuwa takan ruɗe, ta kasa bambance ɗan gida da ɓarawo, ta juya wa jikin da take tsaro. Ana iya kiran wannan tawayen garkuwar jiki. Idan ta faɗa wa gaɓoɓi, sai su kumbura su sandare, musamman da safe. Idan ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sai ciwon sukari irin wanda yakan kama yara ya bayyana. Akwai lufus, wanda yakan taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, kuma cikin mutum 10 masu shi kusan 9 mata ne. Akwai masu cin hanji, kamar ciwon da likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1932, wanda har yau ake kira da sunansa. Akwai kuma siliyak, wanda shi ya fi kowanne dangantaka da kwano.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi burodi ya tashi. Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau. Amma idan ya shiga cikin mai siliyak, garkuwarsa takan faɗa wa bangon ƙaramin hanji, ta goge 'yan tsirarrakin nan da ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya yi ta ci yana ramewa, ga zawo, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini, yaro kuwa ya ƙi girma. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai yaran da ke fama da wannan ciwo suka sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950. An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne kaɗai, har sai a 1999 da aka auna kusan yara 1,000 na mutanen Yammacin Sahara masu gudun hijira a Aljeriya, waɗanda garin alkama ya zama babban abincinsu, aka tarar da shi a jikin 5.6 cikin 100. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100. Har yanzu maganinsa ɗaya ne, wato barin gulutin muddin rai. Ƙa'idar duniya ta abincin da za a ce ba shi da gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, abin da ke nuna cewa ɓurɓushin burodi a kan faranti, ko man da aka soya fanke a ciki sa'an nan aka soya ƙosai, ya isa ya yi ɓarna.

Sauran cututtukan tawayen garkuwa ba haka suke ba. A wurinsu abinci mataimaki ne, kuma hanyar taimakonsa ta hanji take bi. A cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda yawansu ya kai kimanin tiriliyan 38. Abincinsu shi ne harza, wato sashen nan na ganye da wake da dusar hatsi wanda cikin mutum ba ya iya narkarwa. Idan suka ci harza sukan fitar da waɗansu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji, suna kuma taimakawa wajen kwantar da garkuwa, gama babban rabo na dakarun garkuwar jiki a gefen hanji suke zaune. A 2010 masana daga Italiya suka gwada cikin yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yara 15 na birnin Florence. Suka tarar yaran ƙauyen sun fi yawan ire-iren waɗannan halittu, sun kuma fi yawan sinadaran nan masu amfani. A 2021 kuma, a jami'ar Stanford ta Amurka, aka bi mutum 36 na mako 10, aka ga cewa waɗanda suka ƙara cin abinci mai tsami irin su kindirmo sun sami ƙarin ire-iren halittun hanji, alamun kumburi a jininsu kuma suka ragu. Wannan labari ne mai daɗi ga mai miyar kuka da zogale da rama da wake da nono. Sai dai mutanen da aka gwada a Stanford lafiyayyu ne, kuma babu ɗaya cikin binciken nan biyu da ya nuna cewa abinci yana warkar da lufus ko ciwon gaɓoɓi.

Har ma abin da ke taimakon wani yana iya cutar da wani. Mai ciwon Crohn wanda hanjinsa ya ƙuntace, idan ciwon ya tashi, ganye mai yawan harza yana iya toshe masa ciki, sai likita ya sa shi a kan abinci mai laushi har ya lafa. Mai shan magungunan da ke danne garkuwa kuwa, nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya kawo masa cutar da lafiyayye zai kakkaɓe. Mai shan kotizon na dogon lokaci, fuskarsa takan cika, sukari da hawan jini su yi masa barazana, sai a ce ya rage gishiri da zaƙi. Magabata sun riga sun ce abincin wani gubar wani.

To, da wannan sani, a koma ga kwano. A ɗauki misalin yarinya mai siliyak da ta je gaida goggonta a Akébé ranar suna. An kawo shayi da burodi da cincin. Ta ce, "Goggo, ku yi haƙuri, likita ya hana ni duk abin da aka yi da fulawa." Goggo ta ce, "Haba 'yata, ɗan wannan ne zai kashe ki? Mu da muka haifi ubanki burodi muke ci. Ko dai abincinmu ne bai kai ba?" Idon mata yana kanta. Idan ta ci, ta sayi ciwo da kanta. Idan ta ƙi, ta zama mai girman kai a bakin dangi.

Ba daidai ba ne a yi saurin ɗora wa goggo laifi. Tana kāre wani abu mai daraja. Ta san cewa gidan da kowa ya koma cin nasa shi kaɗai ya kama hanyar watsewa, ta kuma ga mutanen da suka fake da maganar likita domin su nuna sun fi danginsu wayewa. Ciwon yarinyar kuma ba ya ganuwa. Mai karaya yana da ɗauri, makaho yana da sanda, amma mai ciwon hanji yakan shigo da kwalliyarsa yana dariya, wahalarsa sai dare ya yi a bayan gida, inda ba ya iya ba kowa labari saboda kunya. Duk da haka akwai abin da goggo ta manta. Tun asali an ba baƙo abinci ne domin a nuna ana so ya rayu ya yi ƙarfi. Wannan nufi shi ne ran al'adar, kwano kuwa jikinta ne kawai. Idan abin da ke cikin kwanon zai raunana baƙo, mai nacewa sai an ci ya daina hidimar baƙo ya koma hidimar sunansa. Da wuya mai gida ya lura da wannan sauyi a zuciyarsa, gama daga waje karamci da son a yaba kamarsu ɗaya.

Akwai wani zalunci kuma da ya fi nacewa zafi, shi ne ɗora wa mai ciwo laifin ciwonsa. Da zarar mutane sun ji cewa abinci yana da hannu a lafiyar hanji, sai su mai da maganar bulala: ai kwaɗayinta ne ya jawo mata, ai da ya bar kaza da kaza da tuni ya warke. Waɗansu kuma su ce sammu ne, ko alhakin wani. Abin da aka sani shi ne, waɗannan cututtuka suna fitowa ne daga haɗuwar gado da abubuwan da jiki ya gamu da su a rayuwa. A wajen siliyak, kimanin mutum 3 zuwa 4 cikin 10 a ƙasashen Turai suna ɗauke da gadon da ke buɗe masa ƙofa, amma kaɗan ƙwarai ne yake kamawa. 'Yan'uwa biyu za su ci daga kwano ɗaya tun suna yara, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Mai lufus tana iya kiyaye kowace doka ta abinci, ciwon ya tashi mata duk da haka. Wanda ya ce mata laifinta ne ya ƙara mata kaya a kan kaya, ya kuma faɗi abin da ba gaskiya ba.

Daga wannan zargi ne masu cin kasuwar ciwo suke samun ƙofa. Mutumin da aka sa ya gaskata cewa warakarsa tana hannunsa, zai sayi kowane gari da kowane tsimi da aka ce yana wanke hanji, zai bar abinci iri goma ba dalili har ya rame, a ƙarshe a ce masa ya ajiye maganin asibiti. Nan ne maganar ta zama ta rai da mutuwa. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaran da ke da ciwon sukari irin na tawayen garkuwa ba sa daɗewa, duk da tsananin horon abinci da ake yi musu. Har gobe babu ganyen da zai maye gurbin wannan allura. Lufus kuma yana iya cin ƙoda a ɓoye mutum yana jin kansa garau. Duk wanda ya sa mai irin wannan ciwo ya bar maganinsa saboda wani tsarin abinci, ko da kyakkyawar niyya ya yi, yana da hannu a abin da zai biyo baya.

Wani zai ce, duk an ji, amma talaka ba ya iya ɗora tukunya biyu. Maganarsa tana da ƙarfi, musamman a birni mai tsadar rayuwa kamar Libreville, inda yawancin abinci daga waje yake zuwa. Amsar ita ce, sau da yawa ba tukunya biyu ake bukata ba, tukunya ɗayar ce za a matsar wajen mai ciwo. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, ayaba, wake, gyaɗa, kifi da nama, babu gulutin a cikin ko ɗaya. Tuwon masara da miyar kuɓewa, ko rogo da ganyen rogo da kifi, kowa a gidan zai ci ya ƙoshi har da mai siliyak. Abin da za a kiyaye shi ne burodi, taliya, fanke, cincin, alkaki, gurasa, tuwon semo, da fulawar da akan ɓoye a cikin ɗanwake ko waina, a kuma duba abin da aka rubuta a jikin kayan ɗanɗano na kanti. Ashe abincin kakanni da na maƙwabta 'yan ƙasa ya riga ya ɗauke rabin nauyin. Sai dai mai cewa a canza tukunya ya tuna wa ke tsaye a kanta. Burodi a kanti ake miƙo shi, koko da ƙosai kuwa sai an jiƙa an niƙa an tashi da asuba. Idan maigida ya ba da umarni ya koma ya kwanta, ya ɗauke kaya daga kan mai ciwo ya aza wa matarsa. Adalci shi ne ya ƙara kuɗin cefane, samari su ɗauki niƙa, 'yan mata da samari duka su koyi wanke faranti da raba man suya.

Mai ciwo shi ma yana da nasa hakkin da zai sauke. Da fari, ya tabbatar da ciwonsa a wurin likita, kada ya yanke wa kansa hukunci don ya ji labarin wani. A wajen siliyak ma, gwajin jini da na hanji ba sa nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkama, saboda haka wanda ya bar ta kafin gwaji ya ɓatar da sawu. Na biyu, ya faɗi dokarsa tun kafin a ɗora tukunya, da harshe mai taushi, ba sai an ajiye kwano ba. Na uku, kada ya ƙara wa dokar likita tasa dokar, ya mai da gida kurkuku. Na huɗu, kada ya guje wa tabarma. Ya zo ya zauna, ya ci abin da yake iya ci ko da ayaba ce da gyaɗa, ya yi godiya, ya yi hira. Zumuncin da ke cikin cin abinci tare, yawancinsa a zaman yake.

Addinan da mutanen Akébé suke bi sun riga al'ada sassautawa a wannan wuri. A Musulunci an ɗauke wa mara lafiya azumin watan Ramadan, ya rama idan ya warke, ko ya ciyar idan ciwon ba mai tafiya ba ne. A Ikilisiyar Katolika, inda doka ta ce gurasar tarayya sai ta alkama, wata wasiƙa daga Roma a 2003 ta bayyana cewa mai siliyak yana iya karɓar gurasa mai ɗan gulutin kaɗan ƙwarai, ko ya karɓa daga ƙoƙo kaɗai. Idan an yi wa mai rauni hanya a abin da ya shafi ibada, da wuya a sami hujjar toshe masa hanya a kan shayi da burodin suna.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, masu lafiya su ne za su fi sassautawa, domin abin da za su rasa ɗan sabo ne da ɗan daɗin baki, shi kuwa mai ciwo jininsa da ƙarfinsa da girman jikinsa ne a kan sikeli. Wanda ya ƙi abinci saboda ciwo bai ƙi mai abinci ba, tun da ya tako ya zo. Al'adar karamci kuwa ba za ta rasa kome ba idan aka ƙara mata abu ɗaya. Kafin ranar suna ta zo, uwargida ta aika a tambayi 'yar ɗan'uwanta, "Me kike iya ci, 'yata, in ajiye miki?" Sa'an nan ta ware mata faranti mai tsabta, ta soya ƙosan a sabon mai, ta zaunar da ita a tsakiyar mata.